Neman kalma: me za mu kira "matiriks" a aikin MALDI?

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin sinadarai a nan Katsina, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya tun makon jiya. Bari in fara bayyana aikin, don kowa ya samu ta cewa.

Akwai na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari. Sharaɗinta biyu: ƙwayar ta tashi sama kamar tururi, kuma ta ɗauki cajin lantarki. Ƙananan ƙwayoyi ba sa ba da wuya. Furotin kuwa ga girma ga rauni, in aka haska shi kai tsaye da leza, wato wani siririn haske mai ƙarfi, sai ya farfashe, a ƙare da awon ɓaraguzai. Dabarar da Franz Hillenkamp da Michael Karas suka raɗa wa suna MALDI a Jamus a 1985 ita ce a cuɗa abin da za a auna da wani sinadari mai ɗimbin yawa, a bar su su bushe tare a kan farantin ƙarfe. Da lezar ta haska, ƙiftawa da bismilla, sinadarin nan ya shanye ƙarfin hasken, ya tashi sama ɗauke da furotin ɗin ba ko ƙwarzane, ya kuma miƙa masa caji. Sai tsere a cikin bututu: marar nauyi ke riga isa, lokacin isowar ke faɗin nauyin. Koichi Tanaka na Japan ya yi nasa da garin kobalt a cikin gilisarin, abin da ya sa aka ba shi kaso a kyautar Nobel ta 2002. To wannan abokin cuɗin, wanda ake kira "matiriks" da Turanci, shi nake nema wa suna da Hausa.

Wani tsohon ɗalibina: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Me zai hana garkuwa, tunda shi ke tare zafin?

Ni: Na gode ƙwarai, amma garkuwa tarewa kaɗai take yi. Wannan yana tarewa, yana ɗagawa, yana ba da caji. Rabin aikin ya zube ke nan.

Wata Hajiya mai aikin ɗakin gwaji, daga Daura: Malam, kalmar nan ta shafe mu, don da wannan dabarar ake gane irin ƙwayar cuta cikin 'yan mintoci bayan ta tsiro a faranti. Ni yashin suyar gyaɗa ya faɗo mini. Yashi ke ɗaukar wutar kasko, gyaɗa ta soyu ba ta ƙone ba.

Ni: Hajiya, wallahi misalin nan ya shige ni, gobe ma da shi zan buɗe darasi. Sai dai yashi a kasko yake zama, rairaye shi ake yi a ware gyaɗa. Namu tare suke tashi.

Hajiya: In tare suke tashi ai goyo ne. Uwa ce rana ke duka, ta miƙe da ɗanta a baya. Ku ce magoyi.

Wani dattijo malamin Hausa: Ginin ya yi daidai, goya ta haifi magoyi. Amma ɗana, kunnen mutanenmu ya saba da magoyin baya, sai yaro ya zaci siyasa ake. Ku ce sinadarin goyo, aikin kuma tashin goyo.

Ni: Baba, Allah ya ja kwana, na karɓa hannu bibbiyu. Na gwada shi a jimla kuma ya zauna: "An cuɗa furotin da sinadarin goyo, aka yi masa tashin goyo da leza." Da shi zan shiga aji. Saura kalmar leza kanta, don ɗalibai biyu sun rubuta mini reza a jarrabawar da ta wuce.