Don Allah wa ya san kan S&P 500? Na riga na saka kuɗi hankalina ya ƙi kwanciya

Malam na Badariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi. Bara mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gado, akwai fadamarmu ta shinkafa can wajen Argungu, babban yayanmu ya dage sai an sayar wai duk mun watse babu mai noma ta, ni wallahi ban so ba, har Inna ta yi sati biyu ba ta amsa gaisuwata don na ce a bari, ƙarshe dai aka sayar kasona ya kama miliyan 4 da ɗoriya. To ƙanena da ke aiki Abuja shi ya matsa min, wai in na bar kuɗin a banki faɗuwar naira za ta cinye su, in saka a S&P 500. Ya sauke min manhaja a waya na saka miliyan 1 da rabi. Yau kwana 12 kullum na buɗe ja nake gani, har an rage min kusan dala 30, ko barcin kirki ba na yi. Shi wannan abin kamfani ne ko me? In cire ko in ƙara sauran?

Injiniya Gesse:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan Baba. Ba kamfani ba ne, ma'auni ne. Ka ɗauka an tara manyan 'yan kasuwar Jega guda 500 a takarda ɗaya kullum ana auna darajar dukiyarsu a haɗe, to haka yake, sai dai su manyan kamfanonin Amurka ne, Apple, Microsoft, Nvidia, Amazon da sauransu, tun 1957 ake wannan lissafin, kuma sun kai kusan kashi 80 cikin 100 na darajar kasuwar hannun jarin Amurka. Ba daidai ake auna su ba, wanda ya fi daraja shi ya fi nauyi, shi ya sa in kamfanonin fasaha 'yan ƙalilan ɗin nan na sama suka yi ƙasa sai ka ga komai ya yi ja. Shi ma'aunin ba a sayensa, abin da ka saya asusu ne da ke bin sawunsa, ETF ake ce musu, kamar SPY ko VOO. Wanne ka saya? Dala 30 kuma ba komai ba ce. A 2008 ya faɗi wajen kashi 38, sai 2013 ya koma inda yake a 2007. Lokacin korona cikin kamar wata ɗaya ya zube kashi 34, kafin ƙarshen Agustan 2020 ya farfaɗo. In ba za ka iya barin kuɗin shekara 5 zuwa 10 ba, ba wurinka ba ne.

Baban Yusra:
Malam cire kuɗinka tun da wuri. Ni ma haka aka yi min, wani abokin aikina ya kawo wani dandali wai ana ninka kuɗi da dala, na sayar da babur ɗina na saka dubu 600, wata safiya muka tashi shafin ya ƙi buɗewa, har yau in na gan shi a masallaci sai ya sauya sahu. Duk abin da ke cikin waya ba ka taɓa shi da hannu ba ni na yafe shi.

Injiniya Gesse:
Baban Yusra wancan damfara ce, babu haɗi. Wannan babu mai yi maka alƙawarin riba. Abin dubawa kawai ko manhajar tana da rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari.

Ɗan Aliero:
Ni kam wanga lissahi bai shige min ba. Kuɗɗin ƙasa ka kai Amurka? Ka sayi albasa lokacin kaka ka aje a rudu, ko shinkafa, abin da ka sani kake gani da idonka. Ko da yake bara ruɓewa ta kashe mu, rabin tawa zubarwa na yi.

Maman Ilham:
Ba wanda ya taɓo zancen halasci. Malam a cikin 500 ɗin nan akwai bankunan ruwa irin su JPMorgan, akwai kamfanonin giya da na gidajen caca. Kuɗin gado ne fa. Akwai asusun da aka tace aka fitar da irin waɗannan, sunansa SPUS, a nan gida ma akwai Lotus Halal a kasuwar hannun jari ta Legas. Ka tambayi malamai kafin ka ƙara ko kwabo.

Malam na Badariya:
Hajiya ƙanena ba zai jefa ni cikin haram ba, yaro ne mai addini, shi ma nasa albashin can yake sakawa. Injiniya ban san wanne ba ne, shi ya danna min. Shekara 5 kuma ba zai yiwu ba, auren 'yata bayan babbar sallah ne, da su nake son yin kayan ɗaki. Amma ai dala ce, ko bai tashi ba in naira ta sake karyewa kamar 2023 na ci riba ko?

Injiniya Gesse:
Haba Malam, ai da wannan za ka fara! Kuɗin kayan ɗaki ba a kai su nan. A 2022 shekara guda cur ya ƙare da faɗuwar kashi 19, in irinta ta same ka sati uku kafin biki me za ka ce wa uwar yarinya? Naira kuma tana iya ƙarfi ka yi asara sau biyu, ga kuɗin canji shiga da fita, ga kashi 30 da Amurka ke cirewa daga ribar da kamfanoni ke rabawa. Kada ka ƙara sauran.

Baban Yusra:
To ka ji, ai abin da na faɗa ke nan.

Injiniya Gesse:
Ba shi na faɗa ba, ni ban ce ya cire na ciki yau ba.

Malam na Badariya:
Ni dai gani nake barinsu a banki ma asara ce, katifar da na tambaya watan jiya har ta ƙara kuɗi. Na kira ƙanen nawa sau uku yana mitin. Yanzu na sake buɗewa ya koma kore da dala 4, shi ke nan ya fara dawowa ko?