Keken guragu mai lantarki yana mutuwa a hawa alhali caji ya cika

Autar Baba:
Assalamu alaikum. Keken mahaifinmu ne, mai batir biyu, ya kusa shekara biyu a hannunmu. Idan ya kwana a caji, da safe fitilun kan sandar tuƙi duk sun kama har kore. A tsakar gida lafiya lau yake tafiya, amma da an zo ɗan hawan ƙofar gida sai fitilun su zube, ya tsaya cak, fitila ɗaya ja tana ƙiftawa. In an kashe an kunna sai ya dawo. Kwanan nan kuma ya fara karkata hagu. An ce mana kwantirola ce, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa motocin keken, mu sayi sabuwa. Mu saya?

Mai Gyaran Batir:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ku riƙe kuɗinku tukuna, wannan alamar batir ce. Fitilun nan ba sa auna abin da ya rage a cikin batir, ƙarfin wutar lokacin kawai suke nunawa. Batirin da ya gaji yakan nuna ya cika in yana zaune, sai an ɗora masa nauyi asirinsa ya tonu, kuma ba inda moto ke jan wuta kamar hawa.

Ku samo mitar auna wuta (multimeter), ku juya ta kan DC, wato ma'aunin bolt na wutar batir. Keken bolt 24 ne, wato batir biyu masu bolt 12 da aka jera. A cire caja, a bar keken ya huta kamar awa uku, sannan a auna kowanne shi kaɗai. Lafiyayye zai ba da 12.7 zuwa 12.9. Amma gwajin gaskiya shi ne a bar mitar a kan batirin, mutum ya zauna, a hau hawan nan, wani yana kallon lambar. Mai lafiya kaɗan zai sauka ya komo. Wanda ya faɗo ƙasa da 10.5 ya gama aiki.

Kafin nan ku duba kawunan baturan. Noti ɗaya da ya saki, ko farin gishirin nan da ke taruwa a kai, yana kawo wannan matsalar sak. A kankare, a ɗaure tam, amma kada sifana ta haɗa kawuna biyu.

Ita ma cajar a gwada ta: idan an jona, jimillar wutar za ta riƙa hawa har wajen 28 zuwa 29. In ta tsaya a 25 ba motsi, cajar ce ko fiyus.

Injiniya:
Na yarda da Malam. Ƙiftawar ma magana ce, ku ƙirga fitilun. Idan sandar tuƙinku irin VR2 ce ta kamfanin PG Drives, ɗaya na nufin batir ya yi ƙasa ko waya ta saki, biyu da uku moton tayar hagu ne, huɗu da biyar na tayar dama, shida caja na jone, bakwai sandar kanta, tara birki. Takwas ce ke nuna kwantirola, ku kuwa ɗaya kuka gani. Sauran kamfanoni lissafinsu daban ne, sai a duba littafin keken.

Karkatar kuwa, a fara da mai arha. In tayoyin na iska ne, a daidaita su da lambar da ke jikin robar, domin wadda ta yi laushi ita ke jan keke ɓangarenta. A kwance ƙananan tayoyin gaba, za ku sha mamakin gashi da zaren da suka naɗe a gindinsu. A tabbata libar da ake saki don tura keke da hannu ta koma wurinta sosai a kowane moto. Sannan a kasa kunne: da an tura sanda, kowane ɓangare zai yi ƙas, birki ya saki ke nan. In hagu shiru, ko moton ya fi ɗan'uwansa zafi bayan 'yar tafiya, birkin na riƙewa. Sai an wuce duk wannan a buɗe murfin burushin kabon, wato 'yan guntayen kabon da ke kai wuta cikin moto, a canja wanda ya cinye ko sifirin ɗinsa ya mutu.

Autar Baba:
Allah ya saka da alheri. An auna: ɗaya 12.8, ɗayan 12.2, a hawa kuma na biyun ya sauka 9.6. Mu canja shi kaɗai? Maƙwabcinmu yana da batirin mota sabo.

Mai Gyaran Batir:
A'a Hajiya, biyun za ku canja tare, iri ɗaya, Ah ɗaya da na da (lambar yawan cajin da batir ke ɗauka, tana rubuce a jikinsa), jel ko AGM, wato rufaffun baturan da ruwansu ba ya zuba. Caja ɗaya ke ciyar da su a jere, don haka in an haɗa sabo da tsoho, ɗaya zai ƙoshi ya wuce kima, ɗayan bai cika ba, sabon ya lalace da wuri. Na mota kuma an yi shi ne don tayar da inji na 'yan daƙiƙu, ba ya jure a zuƙe shi kullum, ga ruwan asid da zai iya zuba a ƙarƙashin Baba.

Sababbin su riƙa samun caji duk ranar da aka hau keken, awa 8 zuwa 12 a jere. Cajin guntu-guntu saboda ɗauke wuta shi ke sa gishiri ya daskare a farantan cikin batir, don haka ko sau ɗaya a mako a nemi inda zai cika har cajar ta nuna kore. Kada a ajiye keken a rana ko ɗakin kwano mai zafi; ƙarin zafi na digiri 10 a kan digiri 25 na Selsiyos yana cin kusan rabin rayuwar batir. Ku ɗauki hoton wayoyin kafin ku kwance, don kada a juya ja da baƙi, nan ne kwantirolar za ta iya ƙonewa da gaske.