Realism a siyasar duniya: me za mu kira shi da Hausa?

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Ina fassara wani sharhi kan yaƙin Yukren don shirin rediyo, sai na zo kan kalmar realism na tsaya cak. A fannin nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa, sunan wata babbar mazhaba ce. Mu dai kullum kewaye ta muke yi, mu ce "masu ra'ayin cewa kowace ƙasa kanta take so", mu wuce. To jimla ba suna ba ce. Ku taya ni mu raɗa mata suna.

2/
Amma a ga jariri kafin a yanka rago. Masu wannan ra'ayi cewa suke: a cikin ƙasa, in an zalunce ka akwai ɗan sanda, akwai alƙali. Tsakanin ƙasashe kuwa babu sarkin da ke bisa kowa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ba ta da sojan kanta, aro take yi daga mambobinta. Kowa tasa ta fisshe shi ke nan. Sannan ba ka san abin da ke cikin zuciyar maƙwabci ba, ko ka san na yau ba ka san na gwamnatin da za ta zo gobe ba. Abin da za ka iya ƙirgawa shi ne sojojinsa da makamansa da arzikinsa. Saboda haka suka ce shugaba ya auna ƙarfi da maslaha, kada ya jingina bayansa da daɗin baki.

3/
Amsa ta farko da ta shigo: "ra'ayin gaskiya". Ɗan'uwa, na gode, amma wannan ba zai yiwu ba. Gaskiya a wurin Bahaushe ɗabi'a ce, kishiyar ƙarya da ha'inci. Ranar da na ce a rediyo "masu ra'ayin gaskiya sun ce kaza", na riga na yanke hukunci cewa abokan jayayyarsu maƙaryata ne. Mai fassara ba alƙali ba ne.

4/
Wani malamin Larabci ya ce Larabawa waƙi'iyya suke cewa, mu ara kawai. Allah ya gafarta malam, kalmar ta dace da ma'ana ƙwarai, daga abin da ya auku take. Matsalar kunnen Bahaushe ce. Da ya ji waƙi'a, Suratul Waƙi'a ce za ta faɗo masa, ko kuma wata masifa da ta afka wa gari. Malam ya sake kawo "zahiranci". Nan ma da na karɓa, sai dai almajiranku za su ɗauka ana nufin mazhabar fiƙihu ta Zahiriyya, ta su Dawud da Ibn Hazm. Amma kalmar zahiri ɗin nan, a ajiye mana ita a gefe, zan dawo kanta.

5/
"Kashin dankali" ta samu masu goyon baya da yawa, haka ma "fin ƙarfi". Na san inda kuka samo su, kuma ba ku yi ƙarya ba. Labarin da aka fi farawa da shi a wannan fanni shi ne wanda Tusididis, masanin tarihi na tsohuwar Girka, ya rubuta kan tsibirin Melos a shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa. Birnin Atina, da ke yaƙi da birnin Sparta a lokacin, ta zo da jiragen yaƙi ta ce ku miƙa wuya ku biya haraji. Mutanen Melos suka ce ba ruwanmu da faɗanku da Sparta, kuma adalci na tare da mu. Jakadun Atina suka ce musu batun adalci tsakanin tsara da tsara ake yinsa, mai ƙarfi yana yin abin da ya iya, marar ƙarfi ya haƙura da abin da ya same shi. Melos ta ƙi. Aka kashe mazan, aka bautar da mata da yara.

6/
Sai dai a ƙarasa labarin. Shekara guda bayan haka Atina, cikin maye da ƙarfinta, ta tura babbar runduna tsibirin Sisili, kuma a 413 aka hallaka rundunar kusan gaba ɗaya. Malaman wannan mazhaba darasi biyu suke cirewa: Melos ta dogara da fata, Atina ta kasa sanin iyakar ƙarfinta. Duka biyun kuskuren awo ne. Kashin dankali ta ɗauki rabin farko ta bar na biyu, kuma a ganina a rabi na biyun hikimar take.

7/
Ga dalilina. Hans Morgenthau, Bayahuden Jamus da ya gudu daga mulkin Hitila ya zauna yana koyarwa a Shikago, shi ne ya tsara wannan ra'ayi a littafinsa na 1948. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata yana adawa da yaƙin Amurka a Biyetnam, yana cewa babu wata maslahar Amurka da ta kai a zubar da jini haka. A watan Satumba na 2002, masana 33 suka sa hannu a wata sanarwa a jaridar New York Times cewa yaƙi da Iraƙi ba maslahar Amurka ba ne. John Mearsheimer da Stephen Walt, manyan malaman wannan mazhaba, suna ciki. Ba don ƙaunar Saddam suka yi ba. Lissafi suka buga: za a iya tsare shi ba tare da yaƙi ba, mamaya kuma shiga ce mai wuyar fita. Waɗanda suka ingiza yaƙin su ne masu mafarkin dasa dimokuraɗiyya da bakin bindiga. To ta yaya zan kira mutanen da suka ce kada a danne Iraƙi 'yan kashin dankali?

8/
Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta kawo abin da ya sa na miƙe zaune. Ta ce mu dubi yadda aka ƙera jari-hujja, mu ce "ƙarfi-hujja". Hajiya, Allah ya ƙara basira. Wanda ya ƙirƙiro jari-hujja, ko wane ne, ya san Hausa: kalma biyu, kuma duk wanda ya ji ya gane cewa a tsarin nan jarinka shi ne bakin maganarka. Ƙirar ta yi. Amma ƙarfi-hujja cewa take ƙarfi ne ke halatta abu, wato aƙidar jakadun Atina. Ina ganin mu riƙe ta don wannan aƙidar, muna buƙatarta, don akwai shugabanni masu ita a yau. Malamin da ke nazarin mazhabar ba cewa yake ƙarfi ya halatta zalunci ba. Cewa yake kada ka tsara tsaron ƙasarka kamar babu zalunci a duniya.

9/
Sai na haɗa ƙirar Hajiya da kalmar Malam: zahiri-hujja. Abin da ke ƙasa, wanda ido ya gani aka ƙirga, shi ne hujja, ba abin da aka so ya kasance ba. Mai ra'ayin kuma ɗan zahiri-hujja, jam'i 'yan zahiri-hujja, daidai da 'yan jari-hujja.

10/
Mu gwada ta a kan Habasha. Mamba ce a tsohuwar ƙungiyar ƙasashen duniya da aka kafa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda yarjejeniyarta ta ce za a kare duk mamban da aka kai wa hari. Italiya ta afka mata a Oktoba 1935. Aka sa wa Italiya takunkumi amma ba a sa man fetur a ciki ba, ba a kuma rufe mata mashigin Suwes ba, domin Ingila da Faransa na tsoron tura shugaban Italiya Musolini hannun Hitila. Sarkin Habasha Haile Selassie ya je hedikwatar ƙungiyar a Jeniba a Yuni 1936 ya yi jawabi mai ratsa zuciya, Habasha dai na hannun Italiya. A rediyo sai in ce: "'Yan zahiri-hujja na kafa hujja da Habasha cewa takarda ba ta tare harsashi." Ya zauna a baki, ko?

11/
Haka Yukren ɗin da ta jawo wannan magana. A 1993 Mearsheimer ya rubuta cewa kada ta rabu da makaman nukiliyar da Tarayyar Sobiyet ta bari a ƙasarta, don su ne kaɗai za su hana Rasha. A Disamba 1994 ta karɓi takardar Budapest, inda Amurka da Birtaniya da Rasha suka yi alkawarin mutunta iyakokinta, ta miƙa makaman. Rasha ta ƙwace mata yankin Kirimiya a 2014, mamaya ta biyo baya a 2022. Mearsheimer ɗin dai daga baya ya ɗora wa ƙasashen Yamma babban laifin rikicin saboda faɗaɗa ƙungiyar tsaronsu ta NATO, kuma nan ni ma ina da ja da shi. Ba yau za mu yi wannan ba. Kuma kada a ce na mai da 'yan zahiri-hujja waliyyai: rushewar Sobiyet a 1991 ba tare da babban yaƙi ba ta zo wa yawancinsu a ba-zata.

12/
Wani ya tambayi sunan abokan hamayyarsu, masu cewa doka da ciniki da ƙungiyoyi za su iya gyara halin ƙasashe. Da na ce fata-hujja, sai na tuna a rubuce ba a bambanta fatan alheri da fatar jiki, kada mai karatu ya ɗauka wariyar launin fata ake nufi. Buri-hujja ta fi lafiya, ko da yake su kansu ba za su so sunan ba, za su ce ai Tarayyar Turai ba buri ba ce, ga ta nan tsaye. Wannan sai mun sake zama.

13/
Malam ya dawo ya ce har yanzu yana jin ƙamshin Ibn Hazm a zahiri-hujja, amma tunda hujja ta biyo baya, almajiri ba zai ɓata ba. Hajiya ta ce ta yafe ƙarfi-hujja ga masu ita. Gobe da safe zan karanta "mazhabar zahiri-hujja" a shirin, in bi ta da jimla ɗaya ta bayani a karon farko. Wanda ya saurara a kasuwa ko a tasha, ya dawo nan ya gaya mini abin da mutane suka ce sun fahimta.