Me za mu kira "chip carving" da Hausa? Gobe zan kai takarda bugu

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan fara koya wa yara 12 wani aikin katako, takardar darasin kuwa gobe za a buga, amma sunan aikin ya gagare ni. Ga yadda yake: katako shimfiɗaɗɗe, ka sa ƙaramar wuƙa ka yanka sau uku a karkace, yankan su haɗu a ƙasa, sai ɗan guntu mai kusurwa uku ya fito ya bar rami. Ramukan ake jerawa su zama ado. A Jamus da Suwizalan an daɗe ana yi wa akwatuna da faranti irinsa. Me zan rubuta?

Kafintan Sokoban: Wa alaikumus salam. Sassaƙa mana.

Ɗan Aboabo: Yaya, in na ce sassaƙa, yaro gizago zai hango, da turmi, ko mutanen Ahwiaa, garin masassaƙa kusa da Kumasi a nan Gana, suna fitar da kujerar Asante daga gungumen itacen sese. Nan siffar katakon ba ta canjawa, fuskarsa kawai ake taɓawa.

Hajiyar Asawase: Zanen wuƙa fa? Ko tsaga, tunda yanka ne.

Kafintan Sokoban: Tsaga ta wanzami ce, Hajiya. A wurinmu kuma katako in ya tsage ya lalace. Ni dai ɓantare nake gani, don abin da wuƙar ke yi ke nan. Ƙanena, wane katako ka saya?

Ɗan Aboabo: Odum da maɗaci, masu taurin nan.

Kafintan Sokoban: Kai, za ka sa yara su gudu tun ranar farko! Fara musu da katakon da ake kira wawa, yana da laushi, sai dai wuƙa ta yi kaifi sosai, in ba haka ba marmashewa yake. Turawan ma da mai laushi suke farawa, wuƙa a karkace kamar digiri 65. In an zo kan mai tauri, ramin ya zama ƙarami, a yanka sau biyu maimakon a danna da ƙarfi, a riƙa wasa wuƙa a kai a kai. Odum cin kaifi yake yi.

Malam na Sabon Zango: Kuna ta lalube alhali kalma tana nan: naƙashi, daga Larabci. Ɓantare maganar goro ce, ba ta shiga takardar darasi. A rubuta naƙashin katako.

Hajiyar Asawase: Allah gafarta Malam, yaranmu ba sa bambanta ƙ da k. Nakasa za su ji.

Malam na Sabon Zango: Ciwon ke nan. Mun bar harshe ya lalace, sannan mu ce a saukar da kalma daidai da lalacewar. A kai ɓantare Kano a ga ko ba za a yi mana dariya ba.

Bazangon Accra: Kullum Kano! Malam, kakanninmu fataucin goro ya kawo su ta Salaga, Hausar nan ba aro muka yi ba. Bakano na cewa kafinta da tebur, wa ya tuhume shi? Mu muka ce wawa da odum sai a ce mun ɓata harshe.

Malam na Sabon Zango: Sunan itace daban, sunan ilimi daban. Ni ma a Kumasi aka yanke cibiyata, ɗana, kada ka koya mini Zango.

Bazangon Accra: A yi haƙuri, Malam. Amma naƙashi ya haɗa na ƙarfe da na dutse da na bango, bai ware wannan ba.

Ɗan Aboabo: Jama'a, dare na yi. Na gwada wa yara biyu a gida. Da na ce naƙashi, shiru. Da na ce adon ɓantare, ɗaya ya yi alamar cire guntu da yatsa. Shi zan sa a kai, a layin farko in rubuta cewa wani nau'in naƙashi ne.

Malam na Sabon Zango: Ban gamsu ba. Amma a sa ƙugiyar ɓ da ta ƙ daidai, kada mai bugu ya cinye su.

Ɗan Aboabo: Zan tsaya a kansa, Malam. Saura wuƙa ta biyu, wadda ba ta fitar da guntu, dannawa kawai ake yi ta bar tabo. Na sa mata suna wuƙar soki. Akwai mai ja?

Kafintan Sokoban: Bar shi haka. Ka biyo da safe in yanko maka wawa.