Ina son ɗaukar gurgu aikin kes (riƙe kuɗin ciniki) a shagonmu, yayana ya ce sadaka ta fi

MaiKinkayri_Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema gun waɗanda suka san kan abin. Ni da yayana muna da shagon kayan gini a nan Garwa, siminti, rodi, kwano, fenti da su ƙusa, to yaron da ke riƙe mana kes ya tafi Duwala tun bayan sallah. Na sa cigiya samari suka kawo dosiye, wato takardun neman aiki, cikinsu akwai wani da shan inna ta taɓa ƙafafunsa tun yana ƙarami, da keken guragu na hannu ya zo, yana da BTS, wato difloma ta gaba da sakandare, na lissafin kuɗi. Na ba kowannensu littafin bashinmu ya duba, wlh shi kaɗai ya gano an rubuta bashin wani magini sau biyu a shafi daban daban, kuma bai ɗau lokaci ba. Ni dai raina ya kwanta da shi. Amma yaya ya ce kar mu ɗauko wa kanmu nauyi, wai mu ba shi wani abu saboda Allah ya tafi, in ya so duk wata a riƙa tuna shi. Abin bai min daɗi ba dan yaron ba bara ya zo ba. Sai dai gaskiya akwai matakala uku a ƙofar shagon, kantar kes ɗin tana da tsayi, bayin kuma na tsuguno ne da 'yar ƙaramar ƙofa. Ya ake gyara irin wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba? Albashi fa, daidai da na wancan yaron? Kuma me zan faɗa wa yaya ya gane?

Kontabul_Ngaundere:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma da sanduna biyu nake tafiya, shan inna ce, yanzu ina riƙe lissafin wani magazan hatsi a nan Ngaundere, dan haka maganar nan tawa ce. Lokacin da nake yawon neman aiki akwai ofishin da na kai dosiye, ina sanye da kayana masu kyau da ambulan a hannu, mai gadi ko ambulan ɗin bai kalla ba ya zaro sefa 100 ya saka min a tafin hannu ya ce patron baya nan, in dawo ranar Juma'a ranar ne ake rabo. Har yau in na tuna sai in ji abin a ƙirjina. Irin wannan yayanka ke son a yi wa yaron nan, duk da na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Mutum ya yi shekaru yana jan keke zuwa lakol cikin rana da ƙura, ya ci jarabawa, ya zo ya nuna maka ya fi sauran iya aikin, sai a sallame shi da sadaka?

Shawarata ta farko, kafin ka fasa komai ko ka sayi komai, kira shi ka tambaye shi me yake buƙata. Shi ya san jikinsa. Wani zai ce maka tebur kawai za a rage wa tsayi, wani bayi ne damuwarsa, wani yana iya sauka daga keke ya hau kujera da kansa baya son kowa ya taɓa shi. Kuma ka ja wa yaran shago kunne kar wanda ya kama kekensa ya tura ba tare da ya tambaya ba, kuma in kastoma ya zo biyan kuɗi ya tsallake shi yana neman "mai shagon", ka nuna shi ka ce ga mai kes nan. Albashi kam cikakke, abin da wancan ke karɓa. In ka rage ko dala ɗaya saboda ƙafa to ka san ka ci haƙƙi.

Magini_Hausare:
Alhaji kai da ke saida siminti ai gyaran nan ba zai gagare ka ba. Ƙa'idar gangaren keke ita ce duk santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo. Matakala uku in kowace 15 ce kaga 45 kenan, wato gangaren zai kai wajen mita 5 da rabi. In gaban shagon ba fili kar ka yi shi miƙe zuwa titi, a jinginar da shi jikin bango ta gefe. Kuma dan Allah kar a goge shi ya yi santsi, a ja tsintsiya a kai tun simintin na ɗanye, dan damina. Ina yawan ganin masu yin gangare gajere a tsaye, sai an taru an tura mutum kafin ya hau, wannan ɓarnar siminti ce kawai. Ƙofa ta kai santimita 90. Kanta kuma ba sai ka rushe ba, ka sa kafinta ya yi tebur mai tsayin 75 haka da gurbin da gwiwa za ta shiga ƙasa. Bayi a faɗaɗa ƙofa, a sa wurin zama da ƙarfen dafawa a bango. Kuma ka faɗa wa yaya gangaren nan masu baro da masu kus-kus (amalanken turawa) da ke fitar da siminti su za su fi kowa morarsa.

Ɗan_Kasuwar_Kusseri:
Ni fa kar ku ga laifin yaya da yawa. Abin da yake tsoro na gane shi, in ka ɗauki mai lafiya bai yi ba ka sallame shi ba wanda zai ce uffan, amma ranar da ka sallami gurgu duk unguwa za a ce Alhaji baya da imani. Ga makara ranar ruwa, ga zuwa banki kai kuɗi. Ban ce kar a ɗauke shi ba, amma a yi tunanin wannan tun yanzu.

Uwar_Atilye_Marwa:
Ɗan'uwana na Kusseri, ranar ruwa waye baya makara a ƙasar nan? Ni atilye na ɗinki gare ni kuma akwai kurame mata biyu cikin masu min aiki, ɗaya ta yi karatu a cibiyar Betlehem ta Muda nan kusa da Marwa. Da farko kastomomi sun riƙa cewa Hajiya kar ki ba kurmar nan leshi na, ya za a yi ta gane abin da nake so, yanzu kuwa su ke cewa ita suke so ta yi musu, dan ɗinkinta baya dawowa gyara. Yadda muke yi, mai kaya ta turo hoton samfuri a WhatsApp, a rubuta awo a littafi, ita kuma ta zana rigar a takarda ta nuna kafin ta sa almakashi. Ni da sauran yaran mun koyi maganar hannu gunsu kaɗan kaɗan, in zan kira su kuma ƙwan lantarki nake kashewa in kunna, in ba kuran, wato an ɗauke wuta, sai in taka daɓe ko in zagayo ta gabansu, ba a dafa mutum ta baya yana kan keken ɗinki allura na gudu.

Batun sallama kuwa, maganinsa kar ka fara da tausayi. In ta ɓata kaya ina yi mata faɗa yadda nake wa kowa, in ta yi da kyau in yaba a gaban kowa, kuma wlh sun fi son haka. Wanda ake lallaɓawa kullum shi ne sauran ma'aikata ke jin haushinsa a ɓoye, su daina cin abinci da shi. Alhaji ka lura da wannan sosai, ranar farko ka zaunar da yaranka ka ce wannan abokin aikinku ne, kuɗin shago na hannunsa, wanda ya raina shi ni ya raina.

Malam_MaiBinDoka:
Bari in ƙara ta ɓangaren hukuma. A Kamaru akwai doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare haƙƙin nakasassu, takardar zartar da ita ta fito a 2018. Dokar ta ce nakasa ba ta zama dalilin ƙin karɓar dosiyen mutum, kuma in mutum biyu takardunsu sun zo daidai to mai nakasa ake fifitawa. Nuna bambanci wajen ɗauka ko wajen albashi laifi ne mai tara har da ɗauri, ka faɗa wa yaya wannan cikin ladabi. Chadi ma suna da tasu tun 2007. Abin da ɗan Kusseri ke tsoro kuma dokar aiki ta riga ta warware, ku yi kontira a rubuce da lokacin gwaji a ciki kamar yadda za ku yi wa kowa, ku rubuta aikin da ake so ya yi, in bai cika ba takarda ce za ta yi magana. Ka yi masa rajista a CNPS, hukumar inshora da fanshon ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi a irin aikinku tun 2023 sefa 60,000 ne, mai BTS kuma ya wuce nan. In baya da katin nakasa ya je ofishin kula da jin daɗin jama'a na gundumarsa, za su tura shi likita ya auna sannan a yi masa.

MaiKinkayri_Garwa:
Allah ya saka da alheri, na karanta wa yaya duka jiya bayan isha'i. Bai ce e ba tukuna amma ya ce a auna ƙofar a gani. Saura batun zuwa da komawa, gidansu da nisa kuma kun san zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura 40, jan keken hannu a wannan rana ba wasa ba.

Kontabul_Ngaundere:
Alhaji wannan ma shi za ka tambaya, dan da keken nan ya yi BTS ɗinsa. In ya ce yana so, masu walda suna ƙara wa moto ƙafa biyu a baya ta zama mai tsayuwa da kanta, irinta nake hawa. Ka ba shi avans ya saya a riƙa cirewa kaɗan kaɗan a albashi, a rubuta. Kafin nan ku shirya da ɗan moto guda ɗaya amintacce na safe da yamma, shi zai iya raka shi banki ma, sauran kuɗin kuma ai yawanci ta waya ake turawa yanzu. Kuma a samar masa inuwar da zai riƙa aje keken, dan ƙarfen hannun in ya sha rana baya taɓuwa.