Tashar Jidda tana ta faɗaɗa, me ya sa kaya ke ci gaba da makara?

Abu Maryam (Jidda):
Assalamu alaikum. Ina shigo da yadi da kayan kicin daga Sin, kuma ina neman bayani daga waɗanda suka san aikin tashar jiragen ruwa. Kullum muna jin labarin faɗaɗa tashar Jidda da sababbin injinan ɗaga kwantena, amma a wajenmu ƙananan 'yan kasuwa, tun daga ƙarshen 2023 kaya sun fi daɗewa a hanya, kuɗin dako kuma ya ƙaru. Shin matsalar a cikin tashar take, ko a wani wuri ne daban?

Malam Na-Ruwa (Jidda):
Wa alaikumus salam, Alhaji. Faɗaɗawar gaskiya ce. Hukumar Mawani, wadda ke kula da tashoshin Saudiyya, ta bai wa kamfanin DP World kwangilar shekara 30 a ƙarshen 2019 domin tafiyar da sashen kwantena na kudu, kamfanin Red Sea Gateway Terminal kuma yana riƙe da na arewa, ga kuma tashar Sarki Abdullah kusa da Rabig. Sai dai inji ba ya sauke jirgin da bai iso ba. Jirgin da ya taso daga Sin zuwa Jidda, hanyarsa ta kusa ita ce mashigin Babul Mandab, ƙofar kudu ta Bahar Maliya, kuma tun da 'yan Huthi na Yaman suka kama jirgin Galaxy Leader a watan Nuwamba na 2023 suka kuma ci gaba da kai hare-hare, manyan kamfanonin jiragen ruwa da yawa sun koma zagaye Afirka ta kudu, abin da ke ƙara kimanin kwana 10 zuwa mako 2 a tafiyar Asiya zuwa Turai. Mu a Jidda abin ya fi shafarmu, domin muna tsakiyar Bahar Maliya. Sau da yawa sai an sauke kwantenarka a wata tashar Bahar Rum, ta jira ƙaramin jirgi da zai biyo da ita ta mashigin Suwes, kuma wannan jiran shi ne ke cin lokacin da ba a rubuta maka a takardar dako. Kuɗin inshorar yaƙi ma a kan mai kaya yake ƙarewa.

Hajiya Ummu Faisal (Riyad):
Ina goyon bayan Malam, amma kada a ɗora wa teku laifin komai. Ina aikin fitar da kaya daga kwastan, kuma abin da na fi gani shi ne kwantena ta iso, takardunta ba su kammala ba. Yanzu ana shigar da bayanan kaya ta manhajar Fasah tun kafin jirgi ya iso, kayan da ke buƙatar shaidar inganci kuma sai an yi musu rajista a manhajar Saber. Wanda ya bari sai jirgi ya tsaya sannan ya fara neman shaida, zai biya kuɗin ardiya, wato na ajiye kaya, ga tasha, ya biya na riƙe kwantena ga kamfanin jirgi, ban da harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari da ke jiransa tun farko. Alhaji, kayan kicin na lantarki suna cikin waɗanda ake tsananta wa bincike, saboda haka ka matsa wa mai sayar maka ya aiko da takardun gwaji kafin a loda.

Wasu abokan cinikina sun koma shigowa ta tashar Dammam da ke gabashin Saudiyya, tunda jirgin da ya nufi can ba ya bi ta Babul Mandab, kuma akwai layin dogo da ke kawo kwantena har tashar tudu ta Riyad. Ga mazaunin Jidda lissafin ya bambanta, domin daga Riyad sai tirela ta yi kusan kilomita 950, kuma layin dogon da aka daɗe ana maganar zai haɗa biranen biyu har yanzu shiri ne.

Ɗan Sawakin (Bur Sudan):
Yaya Alhaji, ku gode wa Allah, ku kuna maganar jinkirin makonni. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, kusan duk abin da ke shiga Sudan ta ruwa, har da kayan agaji, ta Bur Sudan yake bi, alhali injinanta sun tsufa kuma gyaransu yana wahala. Yarjejeniyar da aka yi da kamfanin ICTSI na Filifin ta rushe a 2019 bayan ma'aikata sun yi zanga-zanga saboda tsoron rasa aikinsu. A tashar Sawakin ta Sudan kuwa, inda ake loda tumakin da kuke yankawa a Saudiyya, jirgi ya nutse a bakin tasha a watan Yuni na 2022 da tumaki sama da 15,000 saboda lodi ya wuce kima. Kuma kaya da yawa da ke zuwa mana a Jidda ake sauya musu jirgi, don haka makararku tana zama makararmu.

Abu Maryam (Jidda):
Allah ya saka da alheri. Hajiya, zan tambayi kamfanin dako farashin Dammam haɗe da kuɗin tirela, in kwatanta shi da na Jidda kafin odar da ke tafe.