Darasi uku suka rage mini: misalan yau da kullum ko bitar ƙa'ida?

Malamar Aji Biyu:
Assalamu alaikum malamai. Darasi uku kacal suka rage mini kafin jarrabawa, kuma ban taɓo babin rashin daidaito a lissafi (inda wani adadi ya fi wani ko bai kai shi ba) da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare ba. Niyyata in fara da abin da suke gani: lif ɗin da aka rubuta kada nauyi ya wuce kilo 630, wato n ≤ 630, ko ruwa da ba ya daskarewa ba ya tafasa tsakanin digiri 0 da 100. Tsorona kada lokaci ya ƙare ba su iya warware 3x + 2 > 14 ba. Wanda ya gwada ya taimaka.

Alli Da Allo:
Ki zana musu kada, bakinsa kullum yana buɗe wajen babbar lamba. Shikenan.

Malamar Aji Biyu:
Sun san alamar tun firamare, Malam. Maganar lokaci nake yi.

Tsohon Hannu:
Kadan nan ai shi ke cinye yara in an sauka ƙasa da sifili. Rubuta -10 da -3 ki gani, rabin aji za su buɗe bakin wajen -10. Ki kama layin lamba. Ki nuna musu 2 < 5, sannan ki ninka kowanne da -1, su ga da idonsu cewa -2 ya fi -5. Daga nan juya alama ta daina zama hadda. Darasi biyu sun isa.

Mai Jan Biro:
Biyu? Ni mako biyu na yi, har yau wasu ba sa raba "aƙalla" da "fiye da".

Ba Hutu:
Ni dai na tuba da misalan rayuwa. Bara na ba su wannan: ɗalibai 130, kowace mota tana ɗaukar 18, mota nawa ake buƙata? Muka rubuta 18m ≥ 130, muka samu m ≥ 7.2, muka yi ta muhawara har suka gane da kansu cewa amsar 8 ce. Ranar na fita aji ina jin daɗi. Sai irin tambayar ta fito a jarrabawa, wani daban ya yi makin. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari ta rubuta 8, har da bayani a ƙasa da ƙaramin rubutunta. Aka soke da jan biro, wai takardar amsa 7.2 ta ce. Na ɗauki takardar na je ofis, aka ce in bar tayar da ƙura. Ta same ni a bakin aji ta ce, "Malam, ina ake samun guntun mota?" Wallahi na rasa abin cewa. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba.

Alli Da Allo:
Guntun mota ai taya ɗaya ne da madubi, sauran yara huɗun su hau kai.

Baban 'Yan Biyu:
Ni ba malami ba ne, amma nawa sun gane ne da cajin waya. Na ce kada ta sauka ƙasa da kashi 20, su rubuta mini da alama.

Mai Jan Biro:
Ranka ya daɗe, yara biyu a gida daban, cikakken aji daban.

Baban 'Yan Biyu:
To su waye ke zama da su kan aikin gidan da kuke jibga musu?

Tsohon Hannu:
A bar shi ya yi magana, misalinsa ya fi na bakin kada. Af, alamomin < da > sun fara bayyana ne a littafin masanin lissafi Thomas Harriot na Ingila a 1631, shekara goma bayan rasuwarsa.

Alli Da Allo:
Ya huta, bai taɓa yin makin takardun yara ba.

Ba Hutu:
Makin ɗin ne ciwon. Wanda ya tsara tambaya bai shiga aji ba, wanda ya yi maki bai karanta bayanin yaro ba.

Mai Jan Biro:
Kada a ɗora mana duka. A ba ka tulin takardu a ce gobe da safe ake so, yaushe za ka tsaya karanta bayani?

Malamar Aji Biyu:
Jama'a, gobe ne fa darasin farko. In fara da lif ɗin ko a'a?

Mai Jan Biro:
Ku wa ke yin makin a makarantarku, Malama?